Aure a ƙasar waje: an shafa fatiha, saura takarda

A ƙasar Hausa ɗaurin aure ba ya cin minti goma. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki, a faɗi ko lakadan ne ko ajalan, liman ya yi addu'a, a shafa fatiha, a raba goro da alawa. Sau da yawa ba wanda ke sa hannu a wata takarda, amma kuma ba wanda zai wayi gari ya ce bai san wance matar wane ba ce. Unguwa gaba ɗaya ta shaida. Ko bayan shekara talatin aka yi gardama, za a sami dattijon da zai ce da shi aka ɗaura, har ya tuna nawa aka biya.

Wannan tsari yana aiki ne domin shaidun suna zaune a inda auren yake zaune. Yau kuwa likitocinmu da injiniyoyinmu da ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu sun bazu a Ingila da Jamus da Masar da Maroko da Saudiyya, kuma da yawansu a can suke haɗuwa da abokan zamansu. Wanda ya auri 'yar wata ƙasa a wata ƙasa ya fita daga inuwar unguwa. Ranar da zai nema wa matarsa biza, ko ya yi wa ɗansa fasfo, ko ranar da ɗayansu ya rasu aka zo rabon gado, ma'aikacin da ke bayan tebur bai san limamin ba, bai ci goron ba. Abu ɗaya zai tambaya: ina takarda?

Ra'ayina shi ne, ga wanda zai yi aure a ƙetare, cika sharuɗɗan dokar ƙasar da yake ciki wani yanki ne na haƙƙin da ya ɗauka na matarsa da 'ya'yansa. Wanda ya tsallake shi da saninsa ya bar iyalinsa a fili, ko da aurensa ya inganta a shari'a. Ingila ce zan fi dogara da ita wajen misali, saboda yawan mutanenmu da ke can da kuma yadda kotunanta suka fayyace batun.

Shekara goma sha takwas da kotu ta ce ba aure

A shekarar 1998 wani liman ya ɗaura wa wasu Musulmi biyu aure a wani gidan cin abinci a Southall, yammacin Landan, gaban ɗimbin baƙi. Sun yi niyyar su bi shi da rajistar hukuma, amma ba a taɓa yin ta ba. Suka zauna shekara goma sha takwas, suka haifi 'ya'ya huɗu, suka rabu a 2016. Matar ta je kotu neman haƙƙinta na wadda aka rabu da ita. A 2018 Babbar Kotu ta nemo mata mafita, ta ce auren ɓatacce ne a doka, amma ɓataccen aure ma yana ba kotu ikon raba dukiya. Babban Lauyan gwamnati ya ɗaukaka ƙara, kuma a Fabrairun 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wancan hukunci. Ta ce bikin da aka yi bai ma kai matsayin ɓataccen aure ba, domin ba a bi komai daga cikin matakan Dokar Aure ta 1949 ba. A idon dokar Ingila, mutanen nan biyu ba su taɓa zama miji da mata ba.

Abin da wannan ke nufi a aikace yana da nauyi. Matar da aka ɗaura wa aure a falo ko a masallacin da ba shi da rajista ba ta da ikon neman rabon dukiya ko ciyarwa don kanta idan an rabu, sai abin da doka ta tanadar wa 'ya'ya. Idan mijin ya rasu bai bar wasiyya ba, dokar gado ba ta san da ita a matsayin mata ba, sai ta shiga kotu ta nema a matsayin wadda yake ɗauke da nauyinta. Rangwamen harajin gado da ake yi tsakanin ma'aurata ma bai shafe ta ba. Kuma lamarin ba na mutum ɗaya ba ne. Wani bincike da tashar talabijin ta Channel 4 ta gabatar a 2017, wanda ya tambayi mata Musulmi fiye da 900 a Birtaniya, ya gano cewa kusan shida cikin goma auren addini kaɗai suke da shi.

Dokar wurin da aka ɗaura

Akwai ƙa'ida guda da kusan dukkan ƙasashe suka yarda da ita: tsarin ɗaurin aure yana bin dokar wurin da aka ɗaura shi. Daga nan wani abin mamaki yake fitowa. Idan saurayi Bakano ya auri 'yar Birtaniya a ƙofar gidansu a Kano, da waliyyi da shaidu da sadaki, Ingila za ta karɓi wannan aure, domin ingantacce ne a dokar Nijeriya, muddin dai babu wata matar a ƙarƙashinsa kuma zai iya kawo shaidar an yi. Idan kuwa limamin nan ɗaya, da lafazin nan ɗaya, ya ɗaura shi a wani falo a Birmingham, Ingila ba ta san da shi ba. Bambancin duka yana ga ƙasar da aka tsaya a kai.

Matakan Ingila da Wales ba su da sarƙaƙiya ga wanda ya fara da wuri. Kowanne daga cikin masu niyyar auren zai zauna aƙalla kwana bakwai a gundumar da zai ba da sanarwa, sannan ya je ofishin rajista da kansa, da fasfo da shaidar adireshi, da takardar saki ko ta rasuwa idan ya taɓa aure. Za a kafe sanarwar kwana 28. Idan ɗayansu baƙo ne marar izinin zama na dindindin, ana iya miƙa batun ga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda take da ikon tsawaita jiran zuwa kwana 70 don ta bincika ko auren na neman takardar zama ne kawai. Wanda ya shiga da bizar yawon buɗe ido ba shi da izinin yin aure da ita. Akwai biza ta musamman ga mai zuwa aure ya koma, da wata ga mai zuwa aure ya zauna. Tun Fabrairun 2023 kuma ba a aurar da wanda bai kai shekara 18 ba, ko da iyaye sun yarda, kuma haramcin ya haɗa da auren addini.

Ba dole ne a zaɓi tsakanin masallaci da rajista ba. Masallacin da aka yi wa rajistar ɗaurin aure, idan akwai wanda hukuma ta ba izini ko jami'in rajista a wurin, aurensa yana zama na addini da na doka a zama ɗaya. Inda babu irin wannan masallaci, sai a yi biyun a jere, kuma hikima ita ce a fara da rajista ko a haɗa su a rana guda. "Za mu yi daga baya" ita ce kalmar da ta kai waccan mata shekara goma sha takwas.

Ba halin Turawa kaɗai ba ne

Mai karatu zai iya cewa wannan duk rigimar ƙasashen da ba na Musulmi ba ce. Sai dai wanda ya taɓa neman aure a Maroko zai ba shi labari dabam. Dokar iyali ta ƙasar, wadda ake kira Mudawwana, da aka sabunta a 2004, ta ginu a kan mazhabar Malikiyya, mazhabar da muke bi. Duk da haka baƙon da zai auri 'yar Maroko sai ya sami izinin alƙalin iyali, bayan ya gabatar da takardar haihuwa, da takardar ofishin jakadancinsa mai tabbatar da cewa ya cancanci yin aure, da shaidar ba shi da laifi a kansa, da shaidar sana'a da abin da yake samu, da ta likita. Bayan izini, adilai biyu da hukuma ta naɗa su ne suke rubuta auren. Mai mata a gida kuma ba zai ƙara ba sai alƙali ya gamsu da dalilinsa da ƙarfinsa, an kuma sanar da uwargida.

A Masar, auren baƙo da 'yar ƙasa ana rubuta shi ne a ofishi na musamman ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, kuma doka ta sa ƙarin sharaɗi idan tazarar shekarunsu ta wuce 25. A Saudiyya ɗan ƙasa ko 'yar ƙasa ba sa auren baƙo sai da izinin hukuma. Waɗannan ƙasashe ba su ce fatiha ba ta ɗaura aure ba. Sun ga abin da ke faruwa ne idan baƙo ya zo ya yi aure da baki, ya hau jirgi, ya bar yarinya da ciki babu abin da za ta nuna wa kotu. Dokokin nasu martani ne ga ɓarnar da suka gani da idonsu.

Takardun gida da doguwar hanyarsu

Ga ɗan Nijeriya, wahalar takan fara ne tun daga gida. A 1961 aka ƙulla wata yarjejeniya a birnin Hague wadda ta sa hatimi guda, da ake kira Apostille, ya wadatar wajen karɓar takardar wata ƙasa a wata. Ƙasashe fiye da 120 suna ciki, har da Birtaniya da Maroko da Saudiyya. Nijeriya ba ta ciki. Saboda haka takardarmu, a ƙasashen da ke neman tantancewa, sai ta bi tsohuwar hanya: daga ofishin da ya bayar da ita zuwa Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, daga nan zuwa ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta, sannan a fassara ta wurin mai fassarar da suka amince da shi. Jamus ma ta daɗe da daina buga hatiminta a kan takardun Nijeriya. Bincike take sa a yi a kan kowace takarda, a kuɗin mai nema, abin da kan ɗauki watanni. Da yawa daga cikin takardun nan kuma suna da wa'adi, ta yadda kafin ta ƙarshe ta fito, ta farko ta tsufa.

Akwai wurare uku da mutanenmu suka fi tuntuɓe. Na farko suna. Mutum ɗaya ne, amma Muhammadu ne a takardar firamare, Mohammed a fasfo, Muhammad a takardar digiri, kuma a wata takardar sunan garinsu ne a madadin na mahaifi. A wurinmu duk ɗaya ne. A wurin magatakardan kotu a Rabat mutum uku ne. Na biyu ranar haihuwa. Wanda aka haifa kafin dokar rajistar haihuwa ta 1992 galibi takardar rantsuwar shekaru yake da ita, wadda zai kai Hukumar Ƙidaya ta ba shi tata shaidar, kuma dole ranar ta dace da ta fasfo. Na uku saki. Takardar da miji ya rubuta da hannunsa a fallen littafi ta isa ta raba aure a shari'a, amma ofishin rajista a ƙetare yana neman shaidar da ta fito daga kotu. Bazawara ko wanda ya taɓa saki, su fara da wannan kafin komai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar da ba a son yi

Akwai wanda yake da mata a Kaduna ko Katsina, ya je karatu ko aiki, ya ga wadda yake so, aka ce ya kawo shaidar ba shi da aure, sai ya aika gida a yi masa takardar rantsuwa a kotu cewa shi saurayi ne. Yana ganin ƙaramar dabara ce, tunda addini ya halatta masa huɗu. Wannan rantsuwa ce a kan ƙarya, kuma Musulmi ya san matsayinta tun kafin a zo ga dokar kowace ƙasa. A Ingila auren da aka ɗaura a kan haka ɓatacce ne, domin dokarsu ta san da auren Kaduna, kuma ƙaryar da aka yi wa jami'in rajista laifi ne mai kai mutum kurkuku. Dokar shige da fice ta ƙasar kuma ba ta barin mutum ya shigo da mata ta biyu alhali ta farko tana can a matsayin matarsa. A gida ma Dokar Aure ta Nijeriya ta tanadi ɗaurin shekara biyar ga wanda ya yi auren rajista alhali yana da auren al'ada da wata, haka kuma ga wanda ya yi auren rajista sannan ya ƙara aure bisa al'ada.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya kamata kowa ya sani kafin ya sa hannu: auren rajista a Ingila ko Faransa ko Jamus aure ne na mace ɗaya, kuma furucin saki ba ya warware shi. Dokar Ingila ta 1986 ta ce babu sakin da aka yi a cikin ƙasar da zai yi tasiri sai wanda kotu ta bayar. Mutum zai iya sakin matarsa a shari'a, ta gama idda, amma a doka tana nan matarsa. Idan ta yi wani auren na rajista ta shiga laifi, idan ya mutu kafin kotu ta raba su ita ce magajiyarsa. Wanda ya shiga ta ƙofa biyu, ta ƙofa biyu zai fita.

Hujjojin masu ja da baya

Hujja ta farko ita ce addini bai sa takarda cikin sharuɗɗan aure ba. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce auren da ba a rubuta ba zaman haram ne. Amma me ya sa shari'a ta wajabta shaidu, ta kuma so a bayyana aure? Domin kada a yi musun sa, kada nasaba ta ɓata, kada haƙƙi ya salwanta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Idan bashin buhun hatsi ya cancanci alƙalami, sadakin ajali da gado da nasabar yaro sun fi cancanta. A wurin da shaidar baki ba ta da amfani gaban alƙali, takarda ce take yin aikin da aka sa shaidu su yi.

Hujja ta biyu ba a cika faɗinta a fili ba, amma ita ce ta fi ƙarfi: tsoron raba dukiya. Kotunan Ingila suna da faɗin iko a wannan babi, kuma tun hukuncin da kotun ƙolin ƙasar ta yanke a 2000, raba daidai ne ma'aunin da ake gwada rabon da shi. Wannan ya saɓa wa abin da muka sani a fiƙihu, inda dukiyar kowa tasa ce. Ban raina wannan damuwa ba, kuma ba maza kaɗai ke da ita ba. Akwai mata masu sana'a da suka fi mazansu samu, waɗanda su ma suke gudun rajista. Sai dai akwai hanya. Tun 2010 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce za a girmama yarjejeniyar da ma'aurata suka rubuta kafin aure, idan kowa ya shiga da yardarsa da sanin abin da take nufi, kuma ba za ta haifar da zalunci ba. Ana iya rubuta sadaki da tsarin dukiya a ciki, kowa da lauyansa, a kuma rubuta wasiyya. Idan mutum biyu masu ilimi suka zauna suka fahimci abin da za su rasa, suka zaɓi auren addini kaɗai, wannan shawararsu ce. Abin da ba shi da kyau shi ne ɗaya ya sani, ɗaya bai sani ba, wanda ya sani kuma ya yi shiru domin shirun yana amfanarsa.

Hujja ta uku kuɗi da lokaci. Lallai akwai tsada. Tun Afrilun 2024 mai son kawo mijinta ko matarsa Birtaniya sai ya nuna yana samun fam 29,000 a shekara, bayan a da fam 18,600 ne, ga kuɗin biza da na lafiya da jarrabawar Turanci. Amma wannan kuɗin zama ne, ba na rajista ba. Rajistar kanta ba ta kai abin da ake kashewa a kayan lefe ko dina guda ba.

Rabon hukumominmu

Ba a kan ma'aurata kaɗai nauyin yake ba. Sashe na 26 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba matar da ta auri ɗan Nijeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, amma bai ba mijin 'yar Nijeriya wannan dama ba. Shi sai ya bi sashe na 27, mai neman zaman shekara goma sha biyar. A Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurin da zai gyara wannan. Nijar kuwa ta gyara dokarta tun 2014, mace tana iya ba mijinta baƙo ɗan ƙasanci. Likita 'yar Zariya da ta auri ɗan Sudan ko ɗan Pakistan, take son dawowa gida ta yi aiki, ita ce take biyan kuɗin wannan bambanci, mu kuma mu yi asarar likita. 'Ya'yanta dai 'yan ƙasa ne ta sashe na 25, wanda ya wadatu da ɗaya daga cikin iyaye.

Sauran gyare-gyaren biyu ba sa buƙatar taɓa tsarin mulki. Shiga yarjejeniyar Hague zai rage wa 'yan ƙasa zirga-zirga, ko da yake wasu ƙasashe za su iya ƙin amincewa da hatiminmu har sai mun tsabtace yadda muke ba da takardu. Jihohin Arewa kuma suna iya samar da takardar aure da ta saki iri ɗaya, mai lamba da rajistar da za a iya bincikawa, maimakon kowane masallaci da kowace kotu da nata fasalin. Malaman da ke ɗaura aure a ƙetare su ma suna da abin yi: wasu masallatan Birtaniya sun riga sun ɗauki ƙa'idar ba sa ɗaurawa sai sun ga shaidar rajista, kuma ya kamata limaman al'ummarmu a can su bi sahu.

Ga iyaye da waliyyai kuma, al'adarmu ta bincike kafin ba da aure tana nan da amfaninta, tambayoyin ne suka ƙaru. Bayan an tambayi asali da addini da sana'a, a tambaya: a wace ƙasa za a ɗaura, dokar ƙasar ta san da irin wannan ɗauri, yaushe za a yi rajista, wa zai riƙe takardar? Waliyyin da ya yi waɗannan tambayoyi bai nuna rashin yarda da surukinsa ba. Ya yi aikin da aka ba shi waliccin dominsa ne, a zamanin da 'yarsa za ta zauna a garin da ba kowa daga cikin waɗanda suka shafa fatihar.